Ludayin Uwata a Jikin Kwalba

Abin nan ya faru bayan shekarar yunwa da daɗewa, waccan shekarar da daji ya yi ta cin wuta, 'ya'yan mutane suka dawo daga Legas da kaya a ka. Ya faru bayan sojoji sun tuɓe kaki an koma jefa ƙuri'a. In kana son ka matso kusa, to ba a daɗe da rasuwar maigidana ba, a daminar da babbar gota, magudanar ruwan unguwarmu Nima, ta cika ta shigo mana har ɗaki, ta tafi da ƙaramin turmina, aka tsinto shi can ƙasa a ƙofar wani mai gyaran rediyo.

Ni mai yaji ce. Duk mai gasa tsitsinga daga Nima zuwa Maamobi har Kotobabi ya san ƙofata, don naman tsinke ba ya tashi sai da yaji, yaji kuma ba kowane hannu yake karɓa ba. Ƙuli-ƙuli, barkono, citta, kanumfari, masoro, kimba, kowa ya san waɗannan. Yadda ake haɗa su ne ba kowa ya sani ba, kuma ba yau zan faɗa ba. Masu nama suna saya a olonka, babban gwangwanin awo. Matan gida kuwa a kwalba suke saya, kuma a kan kwalbar nan ne rigimar ta tashi.

Uwata Bagobira ce, hanyar goro ce ta kawo su ƙasar nan ita da ubana. A wurinta na koyi daka. Lokacin da aka ce duk baƙon da ba shi da takarda ya fita, ni ina gidan miji, mijina kuma haifaffen nan ne, sai na tsira. Ita ba ta tsira ba. Na raka ta tasha. Tana saman lori a matse tsakanin ƙullin kaya, ta zaro ludayin awonta ta miƙo mini. Ludayin duma ne, ya taɓa tsagewa a gefe ta ɗinke shi da hannunta. Ta ce, "Riƙe. Kada ki auna wa kowa da abin da bai kai wannan ba." Ban sake ganinta ba.

Da na fara zuba yaji a kwalba, sai da na zaga kasuwar Makola ina gwada kwalabe har na sami wadda ludayi ɗaya yake cika ta zuwa wuya. Ba ƙari, ba ragi. 'Yar gajeriya ce, tana da kafaɗa a sama da ƙugu a ƙasa, tsakaninsu kuma ɗan wuri ne shafaffe da bai wuce akwatin ashana ba. Nan ake manna takarda. In takardar ta fi haka girma sai ta hau kafaɗa ta yamutse, ta ɓare kafin a kai ta gida.

'Yata ta fari ce ta kawo maganar takarda, da ta gama makaranta ta sami aiki a wani ofis a Adabraka. Ta sa aka rubuta sunana da manyan baƙaƙe a sama, a ƙasa kuma 'yan ƙananan rubutu na abin da ke ciki da inda aka yi shi. Ni kuma na ce a tsakiya sai an sa ludayi. Wani mai zanen allon masu aski a Maamobi ya zana shi. Da farko ya yi shi sumul, na mayar masa na ce ina ɗinkin? Sai da ya sa ɗinkin. Ni ban yi boko ba, yawancin masu sayen yajina ma ba su yi ba. Ba wanda ya taɓa zuwa ya karanta sunana. Cewa ake yi, a ba ni mai ludayi.

To, sai aka buɗe wani babban kanti a cikin gari, irin mai ƙofar gilashi da sanyin inji, inda manya da Turawa suke tura keke suna ɗiban kaya. 'Yata ta kai wa matar da ke riƙe da kantin kwalba ɗaya. Matar ta ɗanɗana, ta yi tari, ta share hawaye, ta ce a kawo. Amma da sharaɗi. Duk abin da zai hau kantarsu sai yana da bakod, wato waɗannan baƙaƙen layuka a jere da inji yake dubawa ya faɗi kuɗin kaya. Su za su ba da lamba, mu mu kai wa mai buga takardu ya mayar da ita layuka.

Ina so ƙwarai. Mutanen da ke shiga kantin nan su ne masu ɗaga gilashin mota in sun biyo ta Nima. Ina so su miƙa hannu da kansu su ɗauki abin da aka daka a bakin gotar da suke toshe wa hanci, su kai gida su ci, su dawo neman ƙari.

Ranar da 'yata ta kawo sababbin takardun ina zaune a tsakar gida ina tankaɗe. Maƙwabciyata tana gefe tana tsince wake. Bayarbiya ce mai sayar da wake da shinkafa, Iya muke ce mata, kuma tunda Bagobira da Bayarbiya abokan wasa ne, ba mu taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. 'Yata ta buɗe ƙunshin ta miƙo mini ɗaya. Sunana yana nan a sama. Ƙananan rubutu suna nan a ƙasa. A tsakiya, inda ludayi yake, layuka ne tsaye kamar shingen kara.

Iya ta leƙo ta fashe da dariya. Ta ce, "Kai, baiwata, an yi wa kwalbarki tsagen Gobir! Yanzu kam ta yi kama da uwarta. Ko a duhu aka shafa ta za a san taku ce."

Na ce, "Ke rufe mana baki, mai cin barkono da safe." Na juya wurin 'yata. "Ina ludayin?"

Ta ce, "Mma, ba wuri. Masta ya gwada, ba ya shiga."

"Wane ne Masta?"

"Mai buga takardun."

"Shi ya haife ni?"

Ta ce, "Mma, don Allah. Na kantin nan ne kawai. Mutanen can ba su san ludayi ba, suna suke karantawa."

Na bari sai da ta tafi aiki washegari, na ɗauko takardar na ƙare mata kallo a rana. Sai na ga abin da ya ba ni mamaki. A hagun layukan nan akwai fili fari fes, a damansu ma haka, ba kowa ba komai. Na kira Iya na nuna mata. Ta ce, "Wannan ai ɗaki biyu ne da kicin." Mu a Nima ba a barin wuri haka. In ka bar taku biyu tsakanin bangonka da na maƙwabci, kafin ka dawo daga masallaci wani ya kafa tebur yana sayar da sigari, baɗi ya yi rufi, wata shekara ya kawo mata. Kuma a ce mini ba wuri?

Ina da ragowar tsofaffin takardu. Muka ɗauko reza, muka dama sitacin rogo, muka zauna ni da Iya muna yanko ludayi ɗaya bayan ɗaya muna manna shi a tsaye a farin filin nan na dama. Ludayi dogo ne siriri, ya shiga daidai, kansa yana ɗan jingina da layin ƙarshe. Iya tana yanka tana cewa ba ta taɓa yi wa baiwarta aiki kyauta ba sai yau. Da muka cika kwali na kira kayayo, 'yar dako, ta ɗauka, na haɗa ta da ɗan saƙo ta kai kanti. Har yau in aka tambaye ni zan ce aikin ya yi kyau.

Kafin la'asar kwalin ya dawo a kan kayayon da ta kai shi. Aka ce inji ya ƙi.

'Yata ta dawo ta ga kwalin, ta ɗaga kwalba ɗaya, ta zauna a bakin ƙofa ta dafe kai. Ta ce, "Mma, kin san kunyar da kika ba ni?" Na ce gobe ta nemi izini a wurin aiki, za ta raka ni in ga injin nan da idona.

Na ɗaura zanena na Sallah, na sa 'yan kunnen da na zo da su daga Makka, na jefa ludayin gaske da kwalba biyu daga kwalin a jaka, muka hau trotro, motar haya. Mai gadin kantin ya dube ni ya dubi fuskata, na dube shi har ya buɗe ƙofa. Matar kantin ta fito, doguwa mai fara'a, ta gaishe ni da Turanci, 'yata tana juya mini. Ta kai mu wurin biyan kuɗi. Yarinyar da ke wurin ta ɗauki gwangwanin madara ta goga a gaban wani jan haske, ya ce ɗit. Ta ɗauki sabulu, ya ce ɗit. Ta ɗauki kwalbata ta goga. Shiru. Ta juya ta, ta sake gogawa. Shiru. Mutanen da ke layi suka fara leƙe.

Sai matar kantin ta karɓi kwalbar, ta sa farce ta ɓare ludayin, ta yar a ƙasa, ta miƙa wa yarinyar. Ɗit. Ta yi murmushi ta buɗe hannuwa, wato kin gani, abu mai sauƙi.

Ba da mugunta ta yi ba, na sani. Ita 'yar takarda ta gani. Amma ni na durƙusa da tsufana a gaban mutanen nan, na tsince shi daga ƙasa, na goge a zanena. Na ce wa 'yata, "Gaya mata ba a yar da wannan." 'Yata ta yi nata Turancin mai laushi, na san ba abin da na faɗa ba ne. Matar ta ce in ludayin ya dame ni haka, in nemi babbar kwalba mai ɗaukar babbar takarda. Na zaro ludayin gaske daga jaka na ɗora a kan teburinsu mai sheƙi. Na ce, "Wannan shi ne awon. Kwalba ce take bin sa, ba shi yake bin kwalba ba." Na ɗauki abina muka fita.

Daga nan sai Adabraka. Shagon Masta ƙarami ne, warin tawada har bakin titi. Ɗan ƙabilar Ga ne, mai furfura da tabarau a karan hanci, ya yi yarinta a gefen Nima, don haka yana da Hausarsa ta titi. Yana ganin ɗaya kwalbar da muka yi wa aiki ya cire tabarau ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce, "Mma, wane ya gina kiyos a filina?"

Na ce, "Filin banza na gani."

Ya ce ba na banza ba ne. Ya jawo mini kujera gaban kwamfutarsa. Ya buga lambar da kanti suka bayar, sai ga layukan sun fito a gilashi, wani kauri wani siriri. Ya ce injin kanti ba shi da wayo, sai ya ga fari kafin layin farko da fari bayan na ƙarshe, in ba haka ba bai san inda magana ta fara da inda ta ƙare ba. Ludayina da ya jingina da layin ƙarshe, inji ya ɗauka shi ma layi ne, ya rikice.

Na ce to ya matse layukan su ba ludayi wuri. Ya ce ya riga ya matse su iyakar abin da za su ɗauka. Na ce ya ƙara. Bai yi musu ba, ya matse su a gilashi har suka koma rabin girmansu, ya buga a takarda ya miƙo mini. Na kai ta bakin ƙofa wurin haske. Tawada ta malala, siraran sun haɗe da masu kauri, abin ya zama baƙin tabo. Wannan kam na gane shi ba sai an yi mini bayani ba. Wanzamin da ya yi mini tsage da ya matse askarsa haka, da fuskata ta warke tabo ɗaya, ba wanda zai dube ni ya san garinmu. Na ce, "Na yarda. Bar su da faɗinsu."

Na tambayi ko takardar za ta ƙaru ko da kaɗan. Ya nuna mini yadda take zuwa masa a yanke, jere-jere a kan babban falle. Ya ɗora ɗaya a jikin kwalbata, ta zauna daga kafaɗa zuwa ƙugu ba saura. Ya ce, "Mma, kai mutumin Nima ne, bari in faɗa yadda za ka ji. Ɗaki na mutum uku ne, masu haya huɗu. Layuka ba su fita, kanti ya ce. Ƙananan rubutu ba su fita, hukuma ya ce. Saura suna da ludayi. Ɗaya zai kwashe kaya."

'Yata ta ce, "Shi ya sa na ce a cire ludayin."

Na ce, "Cire sunan."

Masta ya ɗago kai. 'Yata ta ce, "Wane suna?"

"Nawa. Akwai wani a wurin?"

Ta miƙe tsaye. Ban taɓa jin ta ɗaga mini murya a gaban baƙo ba sai ranar. Ta ce, "Mma, shekara nawa kina daka har kafaɗarki ta lalace? Da dakan nan kika sa ni makaranta. Abu ɗaya na iya yi miki da karatun, na rubuta sunanki inda mutane za su gani. Yanzu da zai shiga wurin da ake karantawa, shi ne za ki ce a goge?"

Maganarta ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Amma na ce mata, "Sunan nan da kika rubuta, na gode, sai dai ni ban taɓa ganin kaina a cikinsa ba. In aka juya shi ƙasa ta koma sama ba zan sani ba. Ni ina nan da raina, duk mai son sunana ya zo Nima ya tambaya, yara za su kawo shi har ƙofa. Kakarki fa? An riga an fitar da ita sau ɗaya, aka ce ba ta da wuri. Ba za a sake ba, ba a kwalbata ba."

Ta ɗauki jakarta ta fita ta tsaya a bakin titi.

Masta ya goge tabarau. Can ya ce, "Ni dai tun da nake, mutane suna zuwa su ce in ƙara wa sunansu girma." Ya juya ga kwamfuta. Ina kallo ya share baƙaƙen saman nan, ya ɗauko ludayin ya kwantar da shi a wurinsu, daga wannan gefe zuwa wancan. Ya ce zai ɗan rage shi. Na ce ya rage, amma in ɗinkin ya ɓace ba zan karɓa ba. Ya buga, na kai haske. Ɗinkin yana nan. Layukan suna ƙasa da shi da farin filinsu hagu da dama, ba wanda ya taɓa su. Na manna ta a kwalba da hannuna.

Muka koma kantin a ranar, 'yata tana gaba ina baya. Yarinyar ta goga kwalbar a jan hasken. Ɗit. Na ce ta sake. Ɗit. Matar kantin ta juya kwalbar tana neman suna, ta tambayi abin da za su rubuta a bakin kantar da za a jera ta. 'Yata ta dube ni, idonta jawur. Ban taimake ta ba. Ita da bakinta ta ce, "Mai ludayi." Matar ta sa ta maimaita a hankali, ta rubuta shi da Hausa yadda ta ji.

'Yata ba ta shiga ɗakina ta zauna ba sai da azumi ya zo. Gaisuwa daga bakin ƙofa, shi ke nan. Ko da muka shirya ba ta ce na yi daidai ba, ni ma ban ce ta yi ba. Iya kuwa ta samu abin yi, duk wanda ya shigo sai ta ce masa baiwarta ta sayar da sunanta ta sayi tsage. Yajin ya zauna a kantar nan shekaru, tsakanin kwalaben Ingila. Wata rana wani mutum mai babbar mota ya tsaya a bakin gota da kwalba wofi a hannu, yana nuna wa mutane hoton yana tambaya. Aka kawo shi. Na sa ya jira sai da na idar da salla.

Kantin nan yanzu babu shi, an ce wurin ya zama banki. Matar da ke riƙe da shi ban san inda ta yi ba. Masta ya rasu, na je gaisuwa da kwalba biyu, matarsa ta gane ni tun daga nesa. Mai zanen Maamobi ya riga shi. Iya tana nan, haƙoranta sun ƙare amma bakin bai mutu ba, jiya ma ta aiko a tambaya ko baiwarta ta tashi. 'Yata tana nan, ita ke riƙe da sana'ar, ta sa injin niƙa a inda turmi yake. Kwanaki ta zo mini da zancen wata sabuwar takarda, wai yanzu ana iya yin layukan ƙanana ƙwarai, suna zai shiga. Na ce ta jira in mutu. Ludayin yana rataye a saman gadona, an sake ɗinke shi a wuri na biyu. Ni ma ina nan.